Ofishin lauyan da ya rubuta mini wasiyya: abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba

Abokai a kasuwa suna ta tambayata ko aikin da lauyan nan ya yi mini ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma da ƙorafi, shi ya sa ba zan kama sunan ofishin ba. Yana dai saman wani bene a wajen titin Zoo Road a Kano. Babbansu ya haɗa karatun lauya da na shari'ar Musulunci, irin wanda ake yi a Jami'ar Bayero, kuma dalilin da ya kai ni wurinsa ke nan.

Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Ina da mata biyu da 'ya'ya, da kuma jikoki marayu da babban ɗana ya bari, Allah ya jiƙansa. Da na zauna na fara lissafin gida kaza na wane, shago kaza na wance, Barista ya bar ni har na kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, wannan rabon gado ne, kuma an riga an yi shi a Suratun Nisa'i. Alƙalamina ba ya shiga nan. Naka shi ne sulusi." Wato kashi ɗaya cikin uku, bayan an cire kuɗin jana'iza an biya bashi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Ya kawo hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya so ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi, ya ce sulusin ma da yawa. Duk wanda ya yi zaure ya taɓa jin wannan. Ji a karatu daban ne da a ɗora shi a kan gidanka da shagonka.

A nan maganar jikokina ta taso. 'Ya'yan ɗan da ya riga ubansa rasuwa ba sa cin gadon kakansu muddin akwai ɗa namiji a raye, baffanninsu sun kange su. Tun da ba magada ba ne, wasiyya ta halatta a kansu. Kaso mafi tsoka na sulusina can ya tafi, da sharaɗin karatunsu, sauran kuma na rijiyar burtsatse a ƙauyenmu. Ko wannan kaɗai aka yi mini, ban yi asarar hawa benen ba.

Amma inda suka fi yin aiki shi ne wajen tantance dukiyar kanta. Wani matashin lauya a ofishin ya ba ni takarda ya ce in raba komai gida uku: abin da yake nawa, abin da ke hannuna amma ba nawa ba, da nawa da ke hannun mutane. Gida na biyun ne ya sa ni gumi. Kuɗin da uwargida ta sayar da gonar gadonta ta zuba a shagona suna nan suna juyawa, babu ko layi ɗaya a rubuce. Akwai ajiyar wani abokin ciniki daga Maraɗi da ke barin kuɗi a wurina kafin kaya su iso. Akwai dilolin da na ɗauka bashi, ga zubin adashi da na riga na kwasa ban gama biya ba. Da na faɗi yau, duk wannan za a haɗa a kira shi dukiyar Alhaji a raba, uwargida ta tashi da rabin tumuni a cikin kuɗin da nata ne tun asali, domin kashi ɗaya cikin takwas ɗin nan ita da abokiyar zamanta za su raba shi.

Na kai musu littafin bashina, tsohon littafin makaranta mai bango ja da ya sha maiƙon hannu. Yaron ya buɗe yana karantawa: "Mai Gemu, turmi goma. Na Damagaram, saura rabi." Ya ɗago ya ce, "Baba, wane ne Mai Gemu?" Na ce kowa ya san shi a layinmu. Ya ce, "Alƙali bai san shi ba." Haka muka bi littafin shafi-shafi, kowane laƙabi aka sa masa cikakken suna da gari da adadin kuɗi, waɗanda aka riga aka biya aka soke. Aiki ne mai cin rai, kuma bai nuna gajiya ba.

Sun kuma warware mini maganar kyauta. Akwai ƙaramin gida da na ce na ba amarya, da baki, a gaban 'yan'uwanta, amma har yanzu ni nake karɓar kuɗin hayarsa, takardun ma suna akwatina. Barista ya ce a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. In mai kyauta ya rasu abin yana hannunsa, ya koma cikin gado. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Ko dai in miƙa gidan yanzu ina da lafiya, ko in daina kiransa nata. Na miƙa. Haka nan sunan da mutum ke rubutawa a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa: ba shi ne mai gado ba, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu.

A sakin layi na farko na wasiyyar an rubuta cewa ni Musulmi ne, kuma a raba abin da na bari bisa mazhabar Malikiyya. Na ce wannan ai ba sai an faɗa ba. Sai ya ba ni labarin shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Tun daga nan, in ji shi, ba ya barin wannan ƙofar a buɗe.

To, ga ƙorafin. Daftarin farko da Turanci zalla suka miƙo mini, irin na lauyoyi da ko ɗana mai digiri sai da ya yi ta maimaita karatu. Sai da na kafe kafin aka yi na Hausa, shi ma na farkon kamar an jiƙa Turanci a ruwa an shanya. Mutum zai sa hannu a kan maganarsa ta ƙarshe, ya kamata a ce da harshensa aka fara. Na biyu, alƙawarin lokaci: a ce ka zo da hantsi, ka zo ka tarar Barista yana kotu, ba wanda ya buga maka waya. Na uku, kuma wanda ya fi ci mini rai, teburin sakatare a falon jira yake, ana tambayar ka bashin da ke kanka ga mutane zaune a benci suna ji. Da na yi magana an mai da ni ofishin ciki, amma bai kamata sai an roƙa ba.

Kuɗi kuwa, mun yi ciniki a kan naira 150,000, ba a faɗa mini tun farko cewa ajiye kwafi a rajistar Babbar Kotu da kuɗinsa daban ba. Duk mai zuwa ya sa a rubuta masa jimillar kafin a fara. Ya tafi da shaidu biyu adilai waɗanda ba su da kaso a wasiyyar. Ni limamin unguwarmu na ɗauka da wani maƙwabci. Ya kuma haɗa takardun filayensa tun daga gida. Nawa na bayan gari takardar dagaci kawai gare shi, sun ce neman masa shaidar mallaka a KANGIS, hukumar da ke rajistar filaye a Kano, wani aikin ne da farashinsa, kuma har yanzu ba mu daidaita ba.