Daga Dala Zuwa Kusugu: Sharhi Kan Wani Yawon Tarihi Tsakanin Kano Da Daura

A 'yan shekarun nan wasu matasa a Kano sun mayar da kai jama'a wuraren tarihi sana'a. Sukan sanar da ranar tafiya a kafafen sada zumunta, mai sha'awa ya biya kuɗinsa, su kuma su tanadi mota da abinci da jagoran da zai yi bayani. Na bi ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi a wani tsari nasu da suka raba gida biyu, ɓangaren birnin Kano da ɓangaren Daura, kuma ban kawo sunansu a nan ba domin akwai yabo a cikin abin da zan faɗa, akwai kuma gyara. Hukuncina tun da farko shi ne tafiyar ta ci kuɗinta. Amma abin da ya sa ta ci ba motar ba ce, ba kuma abincin ba, mutum guda ne, wato jagoran da suka haɗa mu da shi, wanda ya san inda almara ta tsaya da inda hujja ta fara, kuma bai wulaƙanta ko ɗaya daga cikinsu ba.

An fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi, kuma wannan dabara ce mai kyau, domin matakalar tana gajiyar da wanda bai saba ba. Daga sama mutum yana hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da rufin gidajen tsohon birni sun bazu ta kowace fuska. A nan Malam, kamar yadda kowa yake kiransa, ya tara mu ya ba da labarin Barbushe yadda yake a littafin Tarihin Kano. Barbushe daga zuriyar Dala yake, wato mutumin da dutsen ya ci sunansa, ƙato ne, baƙi, maharbi mai ƙarfin da ake cewa yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da Tsumburbura, wadda wurin bautarta yake jikin wata bishiya da aka kewaye da katanga, kuma babu mai shiga sai shi kaɗai. Jama'a sukan taru a gindin dutsen da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. A cikin irin wannan duba ne ya gaya musu cewa wani mutum zai zo da runduna ya mallake su, kuma mulkinsa zai daɗe a hannun zuriyarsa.

Ya ba da labarin da murya mai daɗi, bai yi gaggawa ba, har yaran da suke cikinmu suka bar wasa suka matso kusa. Sai da ya gama sannan ya ce mana mu riƙe wannan a hannu ɗaya, ga wani abu kuma a ɗaya hannun. Masu tonon kayan tarihi sun samu alamun narkar da tama a yankin Dala, kuma awon da aka yi ya nuna cewa tun wajejen ƙarni na 7 ana wannan aiki a wurin. Ke nan mutane sun zauna a gindin dutsen nan, suna ƙira suna noma, shekaru ɗaruruwa kafin 999, shekarar da ake lissafa farkon sarautar Bagauda, sarkin Kano na farko. Ya kuma bayyana cewa Tarihin Kano da Larabci aka rubuta shi, an tattara shi ne a ƙarshen ƙarni na 19 a zamanin Sarki Muhammadu Bello, kuma Bature Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Shekarun da muke haddacewa a makaranta an same su ne ta hanyar lissafa tsawon mulkin kowane sarki a koma baya, saboda haka gwargwadon nisan zamani, gwargwadon yadda ya kamata mutum ya sassauta riƙon da yake yi wa adadin.

Wannan shi ne abin da na daɗe ina nema a wajen masu ba da labarin wuraren tarihinmu. Wasu sukan faɗi komai da murya ɗaya, giwar Barbushe da yaƙin da Turawa suka ci Kano a 1903 duk su zama daidai a bakinsu, mai sauraro ya rasa wanda zai kama. Wasu kuma, musamman waɗanda suka ɗan yi boko, sukan yi wa labaran dariya, su ce tatsuniya ce kawai, alhali a cikin labarin Barbushe akwai ajiyar abubuwa da yawa game da addinin mutanen da, da yadda baƙi suka zo suka samu masu ƙasa, da yadda aka daɗe ana kai ruwa rana tsakanin sarakuna da masu tsohon addini. Malam ya nuna mana wannan jayayya a cikin tarihin kansa: Sarki Tsamiya, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1307 da 1343, shi ya rushe wurin bautar, sannan a zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali, Musulunci ya samu gindin zama a fada. Tsakanin zuwan Bagauda da rushe wurin Tsumburbura akwai fiye da shekaru 300, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mutanen Dala ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba.

Daga Dala muka bi ta gefen abin da ya rage na badala, inda aka yi mana bayani a taƙaice cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a mulkinsa na 1095 zuwa 1134, sarakunan baya kuma suka ƙarasa suka faɗaɗa. Na so a ce mun sauka daga mota a nan mun taɓa ƙasar ginin da hannu, amma ba a tsaya ba. Ganin yadda gidaje da kududdufai suka cinye ganuwar a wurare da dama abu ne mai sosa rai, kuma ya cancanci a tsaya a nuna wa yara shi da ido.

A Gidan Makama jagoranmu ya ja da baya ya bar ma'aikatan gidan su yi aikinsu, sai dai ya ƙara bayani inda aka buƙata, kuma na yaba masa da wannan ladabi. Gidan an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, kafin ya koma fadar da ake kira Gidan Rumfa, kuma ginin kansa darasi ne: kaurin bango, da azarar da aka jera a rufi, da sanyin da yake cikin soraye ko da rana ta take a waje. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da igwa, da sulke da kwalkwali, da kayan kiɗan fada, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Na tsaya gaban wani ƙyaure na daɗe ina kallon yadda maƙeri ya jera ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace da tabon guduma a kanta. A nan aka yi maganar Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini cikin alamun sarauta, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki.

Ziyarar Kurmi da marinar Ƙofar Mata ita ce mafi rauni a ɓangaren Kano. Lokacin da aka ware ya tafi a ciniki, masu shirya tafiyar suka tsaya da mu a rumfunan da ga alama sun saba da masu su, bayanin tarihi kuwa ya zama 'yan kalmomi a tsaye. Wanda ya biya kuɗi domin tarihi yana son ya ji yadda ake haɗa baba da toka a karofi, da yadda turkuɗin Kano ya riƙa ƙetare Sahara a bayan raƙuma, ba a nuna masa inda zai sayi jaka ba.

Ɓangaren Daura shi ne zuciyar tafiyar. An bi ta hanyar Kazaure, kuma Malam ya yi amfani da zaman mota wajen shimfiɗa labarin, yadda da muka isa kowa ya san abin da ya zo gani. Ya fara da sarauniyoyin da ake cewa sun mulki Daura kafin zuwan baƙon, tun daga Kufuru har zuwa Daurama, ya ja hankalinmu cewa labarin da kansa yana shaida an yi gari da sarauta kafin Bayajidda. Sannan ya bi sawun baƙon daga Bagadaza zuwa Borno, inda ya auri 'yar Mai, ya gudu da ita bayan an raba shi da mayaƙansa, ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa makami, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa ta ce babu, domin macijin da ake kira Sarki ba ya barin a ɗebi ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, ya yanke kansa ya ɓoye, da gari ya waye masu da'awa suka yi yawa, amma shi kaɗai ya iya fito da kan.

Rijiyar tana nan a cikin gini, da ruwa a cikinta, kuma an jawo guga a gabanmu kowa ya kurɓa. Ruwan yana da sanyi. Wani dattijo a cikinmu ya tambayi Malam kai tsaye ko ya yarda an yi macijin nan, kuma amsar da ya ba shi ita ce ta ƙara masa daraja a idona. Ya kira shi Baba, ya ce masa rijiya gaskiya ce, ga ta muna gani, kuma Daura tsohon gari ne da sauran ƙasashen Hausa suke girmamawa a matsayin tushe. Game da baƙon kuwa, ya ce masana sun rabu. Akwai masu danganta shi da Abu Yazidu, wani ɗan ƙabilar Berber da ya yi wa daular Fatimiyya tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947, suna ganin wataƙila mabiyansa ne suka gangaro kudu. Akwai kuma irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suke ganin garuruwan Hausa sun ginu ne a hankali daga ƙauyuka zuwa birane, labarin kuma ya zo ne domin ya bayyana zumuncin da yake tsakanin gidajen sarauta. Bai tilasta wa kowa ra'ayi ba, dattijon kuma ya gyaɗa kai cikin gamsuwa.

Ya ƙara da wani abu da ban taɓa lura da shi ba, cewa Gaya ta fito a labarai biyu: can maƙeranta ne suka ba Bayajidda makami, a labarin Kano kuma Abagayawa, maƙeran da ake cewa sun zo gindin Dala neman tama, daga Gaya suka taso. Duk inda aka juya a labaran asalinmu sai an ci karo da maƙeri da rijiya, wato ƙarfe da ruwa, abubuwa biyu da gari ba ya kafuwa sai da su. Haka kuma rabon ayyukan da labarin ya yi wa Hausa Bakwai, ƙasashen da ake cewa zuriyar Bayajidda ce ta kafa, Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi, ya yi daidai da abin da aka san waɗannan ƙasashe da shi a zahiri. Da aka zo kan Banza Bakwai ya yi magana da hankali, ya ce suna ne da ya fito daga mahangar masu ba da labarin, kuma Kabi da Zamfara da Nupe da Kwararrafa dauloli ne masu tarihin kansu da ba su gaza kowa ba. Akwai Banufe a cikinmu, kuma na ga ya ji daɗin wannan adalci.

Sai dai a Daura ɗin ne kuma babban aibin tsarin ya fito. An makara wajen tashi daga Kano saboda jiran waɗanda ba su zo a kan lokaci ba, motar kuma na'urar sanyayawarta ba ta aiki duk da an yi alkawarinta a sanarwa, saboda haka zaman Kusugu ya gajarta, Tsohon Birni kuwa, wato tsohon mazaunin sarautar Daura, da aka rubuta a jadawali ba a je ba sam. Ba a kuma ba mu ko takarda guda mai ɗauke da jerin sarakuna da shekaru da taswirar hanyar Bayajidda ba, abin da ba zai ci kuɗi mai yawa ba, amma zai sa bayanin ya zauna bayan an koma gida. Abin da ya fi damuna shi ne ingancin tafiyar duk ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Matashin da ya karɓe shi na ɗan lokaci a Kurmi haddar labari kawai yake zubowa, ko tambaya ba ya so. Idan ƙungiyar tana son ta ɗore, wajibi ne ta sa ƙananan jagororinta su zauna gaban Malam su koyi yadda yake rarrabe magana, su kuma karanta abin da ya karanta.

Abinci dai babu laifi, shinkafa da miya a Kano, fura da nono mai kyau a Daura, an kuma tsaya salla a kan lokaci. Kuɗin bai yi tsada ba idan aka kwatanta da abin da mutum zai kashe in ya ɗauki shatar mota da kansa. Ina ba malaman makaranta da iyaye masu yara da suka fara wayo shawarar su gwada, da sharaɗin su tambayi wanda zai yi jagora kafin su biya, su kuma nemi a tabbatar musu da lokacin tashi. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa su san cewa hawan Dala yana buƙatar ƙarfi, kuma babu laifi su jira a ƙasa a maimaita musu bayanin. Wanda yake da hali ya daidaita zuwansa Daura da lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, domin a lokacin ne zai haɗa ganin rijiyar da hawan sarki a tafiya guda.