Helej ko jiƙaƙƙiyar harawa: wacce ta fi wa doki mai tari a Kumasi?

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya ba akawalin naka sauƙi. Ka ce da an zuba masa harawa sai tari, abin ya fi tsanani da hunturu, likita ya duba ya ce ƙura ce ke taɓa masa huhu, wani kuma ya ba ka shawara ka sa a kawo maka helej, wato ciyawa mai ɗan danshi da ake naɗewa a leda, daga waje. Kana tambaya ko ka saya, ko ka tsaya a kan jiƙa harawar. In doki ɗaya ne ke turke a gidanka na Aboabo, ni dai jiƙon zan zaɓar maka. Helej ta fi shi maganin ƙura, wannan ba abin musu ba ne, amma a ƙasar sanyi ta yi sunanta, kuma zafin Kumasi ba ya raga mata.

Ƙurar da ke cutar da shi ba wadda ake gani tana tashi in an kaɗa dami ba ce. Manyan ɓurɓushi hanci na tare su, su fito da majina. Masu ɓarnar su ne ƙananan da ba su kai mikiron 5 ba (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yawanci irin fumfuna da gutsattsarin ƙwayoyin cuta, waɗanda ke wucewa har can cikin huhu. Hanyoyin iska su kumbura, su matse, majina ta taru. Likitocin dabbobi yanzu asma suke kiran abin, kamar ta mutum. Lafiyayyen doki a tsaye yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya. Mai asma in ta motsa, za ka ga ƙofofin hanci a buɗe ko ba a yi kilisa da shi ba, yana matso iska da ciki, har in abin ya daɗe wani layi ya fito masa a gefen ciki saboda aikin da tsokar ke yi. Doki kuwa yakan shafe awanni da hanci a cikin abinci, shi ya sa abin da ke cikin komi ya fi iskar gari muhimmanci.

Helej ciyawa ce da ake yankewa a shanya, amma ba a bari ta bushe ƙayau kamar ingirici. Ana ɗaure ta da sauran ruwa a jikinta, kamar kashi 30 zuwa 50 cikin 100, a matse, a naɗe da leda ninki-ninki yadda iska ba za ta shiga ba. A ciki sai ta ɗan yi tsami, tsamin da rashin iskar su hana fumfuna girma, danshin kuma ya riƙe ƙura. Tun shekarun 1970 ake sayar da ita ga masu dawaki a Ingila cikin ƙananan buhunan leda masu nauyin kilo 20 ko kusa da haka, akwai kuma manyan dunƙule da ke haura kilo 200. In ta fito daga hannun masu iyawa, babu busasshen abincin da ya kama ƙafarta wajen rashin ƙura, kuma dawaki na son ta.

Duk wannan alheri yana nan ne muddin ledar na rufe. Ita kamar madarar gwangwani take: tana iya kai shekara a ajiye, amma ranar da aka huda ta an fara ƙirga mata kwanaki. Ko a Ingila, kwana 3 zuwa 5 ake ba ta bayan buɗewa, da sanyi ta ɗan zarce. A nan, inda zafin rana ke haura digiri 30 ga danshi, kada ka sa ran ta kai haka. To yi lissafin da kanka. Dokin da ya kai kilo 350 yana bukatar abin da bai gaza kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsa ba na tsurar ciyawa, ban da ruwan da ke cikinta, wato kilo 5 zuwa 7 a yini. In ingirici ne, kilo 6 zuwa 8 sun biya. In helej ce mai ruwa kashi 40, sai ka zuba kilo 9 zuwa 12. Mutane da yawa nan suke kuskure, su ga ta fi daɗi da ƙarfi sai su rage, alhali ƙari ake yi. Ke nan ƙaramin buhu kwana biyu zai yi maka, daidai da abin da zafinmu zai bari. Babban dunƙule kuwa abincin kwana 20 ne ga doki ɗaya, wanda ke nufin mafi yawansa bola za a kai. Sai bargar da ke da dawaki goma ko fiye, irin ta gidan sarauta, ita ce za ta cinye shi kafin ya lalace.

Ƙananan buhunan ma, buhu 15 ne a wata, wajen 45 daga Disamba zuwa Fabrairu, nauyin da ya kusa tan guda. Kusan rabin abin da za ka biya wa jirgin ruwa zuwa Tema, da kwastan, da takardar izinin shigo da tsirrai, da motar da za ta hauro da shi Kumasi, ruwa ne. Kuma a kowane hannu da buhun ya ratsa, ƙugiya ko ƙusar mota na iya huda shi.

Jiƙo ba ya bukatar komai sai baho ko rabin duro da ruwa mai tsabta. Sharaɗinsa shi ne a nutsar da harawar gaba ɗaya, a danne ta da dutse in tana tasowa, minti 10 zuwa 30. Wannan kaɗai yana rage ƙurar da ke shiga huhu da wajen kashi 90 cikin 100. Yayyafi da buta da yaran barga ke yi ba jiƙo ba ne, saman kawai yake taɓawa. Sannan a tsame, a bar ta ta tsiyaye, a ba shi tana da danshi. Ruwan bai kashe fumfunar ba, manne ta ya yi a jikin ganye, saboda haka da ta sake bushewa ƙurar ta dawo. A riƙa jiƙa abin da zai cinye a zama ɗaya, sau uku ko huɗu a yini. Jiƙon kwana kuwa a zafin nan haramun ne a wurina: amfanin abincin ya tsiyaye cikin ruwa, ƙwayoyin cuta su ninku, da safe ka ji tana wari. Baƙin ruwan da ya rage a zubar a kwata, kada a bar shi ya sha.

Aibinsa wahala ce, da dogaro ga amanar yaro. Harawar wake kuma in ta jiƙa ganyenta kan kakkaɓe ya kwanta a gindin baho, can ne kuma daɗin yake, sai an bi da kwando an tace. Jiƙo kuma ba ya gyara ruɓaɓɓiya. Harawar da ke saukowa daga Arewa ko daga wajen Ejura, in ruwa ya taɓa ta a hanya ko ta kwana a ɗaki mai danshi, buɗe tsakiyar damin ka shinshina kafin ka biya. In ka ga toka-toka ko baƙi-baƙi, ko ta sa ka atishawa, bar ta. Ta gyaɗa a ƙara lura da ita, don tana zuwa da ƙasa a saiwa da ragowar kwanson da kan yi fumfuna.

Akwai hanya ta uku, turara ciyawar da tururi a cikin akwati na musamman, irin na Haygain, kusan awa guda a zafin da ya kusa digiri 100. Ita tana kashe fumfunar ne kusan gaba ɗaya, ba ta kuma wanke amfanin abincin. Sai dai tsadar injin da kuɗin wuta. Wanda ake haɗawa a gida da duro da tukunya zafinsa ba ya ratsa tsakiya, sai ya zama ɗumi ka yi wa ƙwayoyin cuta.

Da damina kuwa ba ka bukatar ko ɗaya. Kumasi na samun ruwa sau biyu a shekara, ɗanyar ciyawa ba ta yankewa sai 'yan watanni, kuma ba ta da ƙura. A yanko daga nesa da bakin titi, a ba shi a ranar, kada a tara ta ta yi zafi. Akwai dawakin da asmarsu ke tashi da zafi da danshi a makiyaya, amma naka tunda da harawa da hunturu yake tari, alama ba ya cikinsu.

In duk da haka ka ƙudura sayen helej, misali jiƙon bai wadatar ba, ga abin dubawa. Buhu ya kasance a matse tam, babu huda ko ta bakin allura, babu inda aka liƙe da salatif, da ranar ɗauri a rubuce. Da ka buɗe ka ji ƙamshi mai ɗan tsami-tsami, launi kore mai ratsin ruwan zuma. Murɗa tafi guda da ƙarfi: in ruwa ya ɗigo, ta yi kusa da silej, wato ciyawa mai tsami da ruwa da yawa da ake ajiye wa shanu, wanda ba abincin doki ba ne. Tura hannu tsakiya, in da ɗumi ta fara lalacewa. Warin fitsari, warin ruɓa, yauƙi, fumfuna mai gashi ko shuɗiya, duk a zubar da buhun ɗungurungum, ba a cire wurin a ba da saura. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙasa ko mushen ɓera a ciki. A wurin da babu iska, ƙwayar cutar botulizim na fitar da guba, doki kuma yana cikin dabbobin da ta fi saurin kayarwa: harshe ya saki, abinci na zubowa daga baki, jiki na rawa, ya kwanta ya kasa tashi. Wannan ne ya sa ban yarda a cusa ciyawa da hannu cikin leda a gida a kira ta helej ba. Hannu ba ya fitar da iska, ciyawarmu irin su gamba ba ta da zaƙin da zai sa ta yi tsamin kirki, ga lauje na kwaso ƙasa. A ajiye buhunan a inuwa, kan katako, inda ɓera da kaji ba sa kai wa. A fara da kaɗan a gauraya da abin da ya saba, a riƙa ƙarawa har mako biyu, in ba haka ba gudawa ko ciwon ciki. Ka zaɓi mai yawan kara, ka kuma rage masa dawa da dusa, don dokin da sai da Sallah yake aikin kirki ba ya bukatar mai ƙarfin dawakin sukuwa.

Kafin ka fitar da ko sidi ɗaya, leƙa ƙarƙashin ƙafarsa. In garin katako ne daga injinan Sokoban aka shimfiɗa masa, helej mafi tsada ba za ta hana shi tari ba. A nemi manyan sassaƙen da ke fita daga injin goge katako, a tankaɗe garin, a kwashe wurin fitsari kullum. Dusa a dama ta da ruwa. Abinci a ƙasa, don majina ta samu gangarowa. In za a yi shara a fitar da shi, a yayyafa ruwa, kada a maido shi sai bayan awa guda. Rumbun harawa kada ya haɗa rufi da shi, haka ma ragunan layya da ake zuba wa busasshiya a gefensa. Turke a rumfa mai iska ya fi ɗaki rufaffe, in dai hayaƙin bola ko na murhun masu abinci ba ya bi ta wurin.

Sauƙin yakan ɗauki makonni, saboda haka ka sa a riƙa ƙirga numfashinsa kowace safiya ana rubutawa, kar ka yanke hukunci a kwana uku. Ka gaya wa likitan in ya taɓa zama da jakuna, domin suna ɗauke da tsutsar huhu da ke sa doki tari irin wannan. In kuma zafin jikinsa ya haura digiri 38.5, ko ya ƙi abinci, ko kumfa na fita ta hanci, wannan ya wuce maganar ciyawa, a kira likita a ranar.