Sharhi kan manhajar YouVersion ga mai neman kwanciyar rai

Na shafe watanni ina amfani da manhajar YouVersion, wadda cocin Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ya ƙaddamar a shekarar 2008, kuma abin da ya kai ni gare ta shi ne damuwar da take hana ni barci da dare. Kyauta ce, babu tallace-tallace a cikinta, sannan tana ɗauke da Littafi Mai Tsarki a harsuna da yawa, har da Hausa.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne tsare-tsaren karatu na kowace rana kan damuwa da salama, inda ake ba mutum ayoyi kaɗan da gajeren bayani, ta yadda wanda zuciyarsa ta dagule ba zai rasa inda zai fara ba. Ta nan na dawo ga Filibiyawa 4:6-7, inda Manzo Bulus ya ce a kai kowace buƙata gaban Allah da addu'a da godiya, salamar Allah wadda ta fi gaban fahimta kuwa za ta tsare zuciya. Da na tuna cewa yana tsare a kurkuku ya rubuta wannan, sai maganar ta ƙara nauyi a raina, domin ba cikin jin daɗi ya faɗe ta ba.

Ana iya sauke fassarori da dama a karanta ba tare da intanet ba, kuma haka nake yi da dare, don kada saƙonnin waya su katse mini addu'a.