Yadda mutanen Chennai suka tarbi dawowar Chitti

'Yan uwa na gida, duk mai cewa a Kano aka fi son fim ɗin Indiya, ya zo birnin Chennai da ke kudancin Indiya ya ga masu abin. Ranar Alhamis 29 ga Nuwamba, 2018 aka saki 2.0, ci gaban fim ɗin mutum-mutumin nan Chitti da ya fito a 2010, wanda muka fi sani da Robot. Abokin karatuna ɗan garin ne ya saya mana tikiti ta waya, ya ce ƙarfe huɗu za a fara. Na ce na yamma? Ya ce na asuba.

Mun hau a-daidaita-sahu cikin duhu, amma tun daga nesa hanya ta toshe. Makaɗa sun riga sun kafa ganguna, ana ta fasa nokawut har hayaƙi ya turnuƙe titi. An kafa ƙaton hoton jarumin fim ɗin, Rajinikanth, na katako wanda ya kai tsayin bene, an rataya masa furanni. Samari suka hau saman katakon da ledojin madara suna yagewa da haƙori suna kwarara wa hoton, madarar na bin fuskarsa tana ɗiga a kan jama'a. Wannan kam bai kwanta mini ba. Almubazzaranci ne, kuma irin hidimar da suke yi wa abin bautarsu ce suka ɗora wa ɗan Adam. Na ja gefe, raina bai so ba.

Amma da muka shiga ciki sai na ga abin da har yau nake tunaninsa. Kowace kujera da lambarta, lambar da ke wayarka nan za ka zauna, ba mai ce maka matsa. Kusa da ni wata dattijuwa ce da furfura, ta zo da jikokinta biyu, kowa da tabarau na 3D a hanci. Mata da mazajensu, ma'aikata da jakunkunansu, daga nan za su wuce ofis. Ba wanda ya rufe fuska don kada a gan shi a silima. Da sunan jarumin ya bayyana a majigi, zauren ya kaure da fito da ihu, aka riƙa watsa yankakkun takardu sama. Mutumin nan a lokacin shekarunsa 67, kwandastan bas ne a Bangalore kafin ya shiga fim, ga shi a ranar ya hana gari guda barci.

Ihun nan fa ya cuce ni. Da harshen Tamil aka haska, ba rubutun fassara a ƙasa, ɗan abin da abokina ke raɗa mini ma ba na ji. Tabarau ɗin da aka ba ni duk shatin yatsu, sai da na goge da gefen riga, kuma kuɗinsa daban ake caja. Gugguru kuwa kada ku tambaya, kuɗin kwali ɗaya ya kusa kamo na tikiti. Shi tikitin da sauƙi, domin gwamnatin jihar Tamil Nadu ta ƙayyade farashin da ba a wucewa, sai masu silima su fanshe a kan abin taɓawa. Da aka tafi hutun rabin lokaci na nemi inda zan yi sallar asuba, wani mai gadi ya nuna mini lungu kusa da matakala, ya tsaya yana kare masu wucewa har na sallame. Allah Ya saka masa da shiriya.

Bayan an tashi muka tsaya wurin mai shayi, a nan aka buɗe musu. Kowa ya yarda daraktan fim ɗin, Shankar, ya zuba aiki, musamman inda wayoyin mutane ke fizgewa daga hannu su tashi sama su haɗu su zama ƙaton tsuntsu. Amma da yawa sun ce labarin bai kai na farko daɗi ba, ba Aishwarya Rai, waƙoƙin A.R. Rahman ma ba a ba su fili ba. Wani magidanci ya dage cewa Akshay Kumar, da ya fito a masanin tsuntsaye mai zargin ƙarafan sabis da kashe su, shi ne mai gaskiya, zaluntarsa aka yi da aka mai da shi mugu. Ya ce rabonsa da ganin gwara a tagarsa an jima. Maganar ta yi nauyin da ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta ƙasar sai da ta kai ƙorafi hukumar tace fina-finai tun kafin fim ɗin ya fito. Ina kurɓar shayin nan mai citta, zuciyata na can wurin mai shayin bakin layinmu, inda mu ma haka muke raba gardamar fim har dare ya tsala.

To amma mu me muke ba masu yin fim? Gidajen silima na Kano irin su Marhaba, Eldorado, Plaza, Orion, iyayenmu sun san su, yau ina labarinsu? Mun ce silima wurin 'yan iska ce, ba mu gyara ta ba, muka bar ta ta mutu. A 2016 aka zo da maganar gina dandalin fim a garin Kofa na jihar Kano, muka yi ta hayaniya har aka janye, ba mu kawo wani tsari da ya dace da tarbiyyarmu a madadinsa ba. Kallon kuma ba mu daina ba, sai dai mu miƙa waya a shagon turi a loda mana da 'yan canji. A nan, kafin 2.0 ya fito, babbar kotun Madras (tsohon sunan Chennai ke nan) ta ba da umarnin toshe shafukan intanet sama da 12,000 masu satar fim. Duk da haka ɓarayin sun fitar da shi, amma kujeru ba su daina cika ba, mutane sun zaɓi su biya.

Na san zuwa yanzu ya iso wayoyinku, dishi-dishi, wanda aka ɗauka a ɓoye daga cikin silima. Na Rajinikanth bai dame ni ba, shi ya ci kasuwarsa. Furodusan Kannywood nake ji, wanda ya sayar da fili ya yi fim, washegari ya tarar ana tura shi a bakin kasuwa, ko sisi ba ta shigo aljihunsa ba, sannan mu dawo muna zaginsa wai fina-finansu ba inganci.