Madaurin BFR mai famfo, wata biyu ina ɗaura shi a cinya

Tunda na ji ciwo a gwiwa wajen ƙwallo likitan fisiyo ya hana ni ɗaga ƙarfe mai nauyi, ina ji ina gani cinyata ta hagu tana motsewa, har gajeren wando ya fara min yawa ta gefe ɗaya. Shi ne ya ce in gwada madaurin BFR, wato madaurin rage gudun jini, wanda ake ɗaurawa can saman cinya a hura masa iska, jini na shiga kaɗan kaɗan amma komawarsa ta yi wuya, sai tsoka ta galabaita da wuri kamar ka kinkimi kaya alhali kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na mafi nauyin da za ka iya ɗagawa sau ɗaya ne a ƙafarka. Daga Japan abin ya samo asali, Yoshiaki Sato ne ya faro shi tun 1966, can KAATSU suke ce masa.

Na roba na fara saya kuma gaskiya asara na yi, ba ka san iya matsewar da ka yi ba, yau sako-sako gobe ƙafa ta sage. Mai famfo da agogon awo shi ne magana. Likitan ya auna matsin da ke tsayar da jinin gabaɗaya, ya ajiye ni a kashi 60 cikin ɗari nasa, kullum nan nake kai allurar in tsaya.

Ina ɗagawa sau 30, in huta sakan 30, sai 15 sau uku, madaurin na nan ba a sassautawa. Wallahi a zagaye na uku cinyar zafi take kamar an zuba garwashi, ta cika tam, amma gwiwar ko gezau, abinda ya sa na riƙe shi kenan. Yanzu ina hawa bene ba tare da na dafa bango ba.

Matsalarsa tiyon famfon na yawan zamewa, maƙalin kuma in ya sha gumi sai ya fara saki.

Don Allah mai sikila, hawan jini, mai ciki ko wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya kar ya taɓa sai likita ya yarda, kuma kowa ma kar ya wuce minti 20 da shi a ƙafa. Tauraro 4 cikin 5 na ba shi, in gwiwa ta warke zan koma ƙarfe mai nauyi, shi kuma in bar shi na ranakun da jiki ya yi tsami.