Tsutsar Ganyen Lemo a Ajin 'Yata a Kumasi

Shekarata huɗu ke nan a unguwar Aboabo da ke Kumasi, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na je makarantar 'yata mai shekara shida da niyyar yi wa malamarsu faɗa ba. Abin da ya jawo shi ne na tarar da kwalba a jakarta ɗauke da ganyen lemo da wata tsutsa mai kama da kashin tsuntsu, na ɗauka ƙazanta ce na juye a kwata, yarinya ta kwana tana kuka.

Malamar, wadda ita ma 'yar Zango ce, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi, ba ta ɗaga murya ba, sai cewa ta yi, "Malam, bismillah, shigo ka gani." A bakin taga kwalabe ne jere, an rufe kowace da ƙyalle mai raga. Kullum da safe yaro zai zana abin da ya gani a tasa: tsutsar ta girma ta koma kore shar, ta maƙale a tsinke ta rufe kanta, bayan kamar mako biyu ta fito da fukafukai baƙaƙe masu ɗigon rawaya. Daga nan sai su ɗiga fenti a gefe ɗaya na takarda, su ninke, su danna da tafin hannu, su buɗe, ga fukafukai biyu daidai wa daida. A nan na ga hikimar Bahaushe da ya raɗa wa wannan halitta malam-buɗe-littafi. Wannan zanen suke sassaƙawa a jikin rogo su buga a yadi, kamar yadda masu adinkira (yadin Asante mai tambura) na garin Ntonso ke yi da sakaina, har ta nuna mini tambarinsu na fafanto, wato malam-buɗe-littafin Asante. Ta ce darasin ƙirƙira da zane yana cikin manhajar firamare ta Ghana ta 2019, kuma manyan azuzuwa sukan je dajin Bobiri kusa da Kubease, inda ake da wannan halitta kusan iri 400.

Abin yana da cin rai ta wajen aljihu, domin fenti da gam da kwali duk a wuyan iyaye suke, kusan kowane mako sai na kutsa cunkoson kasuwar Kejetia, kuma farashin bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Duk da haka, a hanyar komawa gida bulalar da na sha a Kano na tuna, saboda na zana tsuntsu a bayan littafin lissafi, aka ce na ɓata littafi. Mu ne masu rinin Ƙofar Mata da zayyanar allo da aska takwas a gaban riga, amma ban taɓa ganin an shigo da ko ɗaya ajinmu ba, yaro mai hannun zane kuwa shashasha muke kiransa. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai.

Da yammacin ranar na roƙi maƙwabcinmu izinin duba bishiyar lemonsa, ni da 'yata muna juya ganye ɗaya bayan ɗaya, sai a rana ta uku muka sami wata.