Tsohuwar 6i6 ko sabuwar ƙarama? Ka ɗauki tsohuwar, amma ka gwada ta tukun

Ɗan'uwa, a cikin saunkad biyun nan (akwatin da ke haɗa makirufo da kayan kiɗa da kwamfuta), wato Scarlett 6i6 fitowar farko da aka yi maka tayi da ƙaramar sabuwa mai ƙofa biyu da ka gani, ni tsohuwar zan ce ka ɗauka. Irinta ce a kan teburina shekara da shekaru. Abin da yake ba ka tsoro, wai sai da manhajar kwamfuta ake saita ta, shi ne ma inda ta fi ɗayar nesa ba kusa ba.

Kamfanin Focusrite ya fito da ita a 2013. A gabanta akwai ƙofofi biyu masu karɓar makirufo ko jita, a baya akwai ƙofofin layi biyu, da S/PDIF (ƙofar sautin dijital), da MIDI na haɗa kibod. Ramin hedfon biyu ne, kowane da maɓallin ƙara sautinsa. Sai dai idan ka duba fuskarta da kyau za ka ga an rubuta INST da PAD, amma babu abin dannawa a wurin, 'yan fitilu ne kawai. Kunna su da kashe su yana cikin manhajar da ake kira Scarlett MixControl. Wanda bai san haka ba sai ya soka jita, ya ji sautin ya fito a dusashe babu kaifi, ya ce na'urar ta mutu. Lafiyarta ƙalau, ƙofar ce take zaune a matsayin layi, ba a gaya mata jita ce ba. PAD kuwa aikinsa rage ƙarfin abin da ke shigowa idan ya yi yawa, kamar makirufon da aka kafa a bakin ganga.

Ranar da na ƙara ganin darajarta, wani mawaƙi ne da mai jitarsa suka zo mu ɗauki waƙa tare a lokaci guda. Mawaƙin yana ta zame kunne ɗaya na hedfon ɗinsa, ya ɗora shi a bayan kunne, alamar ba ya jin kansa ke nan. Mai jitar shi kuma ƙorafinsa muryar ta danne masa kiɗa, yana rasa inda zai shiga. Na buɗe MixControl na haɗa gaurayen sauti biyu daban. Na farko na ɗaga murya na kwantar da kiɗa, na tura wa mawaƙi. Na biyu na ɗaga kiɗa da jita, na bar muryar can ƙasa, na tura wa mai jitar ta wata mafita daban. Ko minti biyu ban yi ba. Mawaƙin ya mayar da hedfon ɗinsa daidai bai ce komai ba, ya lumshe ido ya ci gaba da rerawa, kuma abin da muka ɗauka a wannan zaman shi ne ya tsaya a waƙar. Da ƙaramar ce, rami ɗaya gare ta, dole su raba hedfon da tsinken waya mai baki biyu, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ke ji, a yi ta jayayya.

Ƙaramar kuwa, na taɓa sayen wata irinta wadda ko sunan kamfaninta ba na son tunawa. Tana fitar da sauti, iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Ba ta da direba nata, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi magana da na'ura, takardar cikin kwalin ma ASIO4ALL ta ce a sauke. Shi wannan ba direban wata na'ura ba ne, riga ce da ake sa wa direban Windows na gama-gari don manhajar rikodi ta gan shi a matsayin ASIO, irin direban da ke rage jinkirin sauti. Yana fitar da mutum kunya idan babu wani zaɓi, amma ba zai kunna maka INST ba, ba zai raba maka hedfon ba. Gaskiya ɗaya da zan ba ta: idan kai kaɗai ne da makirufo ɗaya, kana yawo da laftof, ƙaramar tana shan wuta daga USB, ita kuwa 6i6 sai da adaftarta ta bango. Ka ce kuna aiki ku biyu, don haka wannan bai shafe ka ba.

Yanzu saitin. Abu na farko da ke rikita mutane shi ne manhajojin kamfanin ba ɗaya ba ne. 6i6 ta farko, wato taka, MixControl take ji. Ta biyu da ta fito a 2016 Focusrite Control take ji. Idan ka sauke ta biyun ka haɗa tsohuwar, za ta ce maka babu na'ura, ka yi ta sauya waya a banza. Ka shiga shafin kamfanin, ka zaɓi 6i6 ta farko, ka sauke abin da aka jera mata. A Windows ka girka manhajar da direban kafin ka soka na'urar, sannan ka sake tayar da kwamfutar. Ka soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ban da ta cikin waɗannan 'yan akwatunan da ke raba ramin USB ɗaya zuwa huɗu. Idan buɗewar farko ta nemi sabunta manhajar cikin na'urar, ka ƙyale ta ta gama, kada ka taɓa waya ko wuta.

Da ta buɗe, kada yawan sandunan ya firgita ka. Sama miksa ce, ƙasa kuma wurin da ake gaya wa kowace mafita abin da za ta fitar. Duk wata matsalar "tana ɗauka amma ba na jin komai" daga ƙasan nan take. Kowace mafita tana da zaɓi: ko ta fitar da abin da ke dawowa daga manhajar rikodi, wanda aka rubuta DAW 1 da DAW 2, ko ɗaya daga cikin gaurayen da ka haɗa a sama, ko wata ƙofar shiga kai tsaye. Akwai saituttukan da aka riga aka shirya. DAW Tracking yana tura maka abin da kwamfuta ke fitarwa kaɗai. Zero Latency Tracking yana haɗa maka makirufonka da kiɗan a cikin na'urar kanta, sautin bai shiga kwamfuta ya dawo ba, don haka ba ka jin jinkiri. Idan ka zaɓi wannan, ka kashe sauraron ƙofar a cikin manhajar rikodi. In ba haka ba za ka ji muryarka sau biyu, ɗaya na bin ɗaya, kamar mai magana a cikin rijiya.

Sai bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa. Lissafin mai sauƙi ne: a kan 48 kHz, wato gutsattsari dubu 48 a sakan ɗaya, bafa 128 tana cin wajen milisakan 2.7, bafa 512 kuma kusan 11. Wannan tafiya ɗaya ce, zuwa da dawowa ya ninka, ga kuma ɗan abin da na'urar da direban ke ƙarawa. Shi ya sa masu ƙananan saunkad suke matse bafa har kwamfutar ta fara ƙas-ƙas. Kai da kake sauraro ta cikin na'urar ba ka da wannan wahalar, ka bar ta a 256 ko 512 ka ɗauki murya hankali kwance. Sai idan kibod kake bugawa ta MIDI, sautin yana fitowa daga manhajar kwamfuta, a nan ne dole ka sauko da ita.

Abu biyu ƙanana da ke cin ran mutane. Ka duba inda aka rubuta Sync Source ya zama Internal. Idan mai ita na baya ya bar shi a kan S/PDIF alhali babu abin da ke haɗe a ƙofar, na'urar za ta zauna tana jiran agogon daidaita sauti daga waje wanda ba zai zo ba, ko ka ji shiru ko tsattsage. Na biyu, adadin kHz da ka sa a aikinka ya dace da wanda ke cikin saitin sauti na Windows. 48 ko 44.1 ya ishe ka. A saitin wuta kuma ka hana Windows kashe ramukan USB don tattalin batir, shi ne ke sa na'ura ta ɓace ana tsakiyar aiki.

Idan ka gama komai, ka shiga File ka danna Save to Hardware. Saitin zai zauna a cikin na'urar, ta yadda ko babu kwamfuta, ka ba ta wuta kawai, za ta yi maka aikin ƙaramar miksa. Ni haka nake gwajin makirufo da lasifika ba tare da na kunna komai ba. Ka kuma ajiye saitin a fayil, don ranar da hannun wani ya shiga ciki.

Sharaɗi ɗaya da ke kan shawarata shi ne kwamfutarka. Idan Mac ce, sauti zai fito ko babu direba, to amma INST da PAD da rabon hedfon duk sai da MixControl, kuma Apple na yawan sauya tsarinta: daga Catalina a 2019 manhajoji masu bit 32 suka daina buɗewa, a 2020 kuma aka fara komawa kan M1, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Apple. Ka duba jadawalin dacewa a shafin kamfanin, ka girka manhajar ka ga ta buɗe kafin ka biya ko sisi. Idan ta ƙi, to a nan ne kaɗai zan janye shawarata.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da na hannu. Ta farko da ta biyu duk ja ne, kuma akwai masu miƙa maka ta farko da sunan ta biyu don su ɗaga kuɗi. Gane su ba wuya: ta farko tana tsayawa a 96 kHz, ta biyu tana kai 192, kuma manhajar da ta gane na'urar ita za ta faɗa maka gaskiya. Wasu adaftar asali ta ɓace, sun laluɓo wata sun haɗa, ka duba ta dace da abin da aka rubuta a bayan na'urar, don adaftar da ba tata ba tana jawo gurnani a lasifika. Wanda ya ce maka akwai manhajojin kyauta a ciki, yawanci suna kan asusun wanda ya fara yi mata rajista, kada ka ƙara masa komai a kansu. Kada kuma ka karɓi direba a filashi ko ta saƙo daga hannunsa. Gwajin da suka fi so shi ne su kunna maka waƙa ka ji tana tashi, alhali wannan mafita kaɗai ya nuna. Ka tafi da laftof ɗinka da makirufo mai buƙatar wutar 48V daga na'urar, ka soka a ƙofa ta ɗaya sannan ta biyu, ka murɗa maɓallin kowace a hankali daga ƙasa zuwa sama kana sauraron ko za ka ji ƙas-ƙas a hedfon. Ka gwada ramukan hedfon duka biyun, ka danna INST a manhaja ka ga fitilar ta kama, sannan ka ɗan girgiza wayar USB a bayanta ka ga ko za ta yanke.